Gwangwanin da Muka Binne a Bayan Yadin Kafanchan

Na manta sunayen rabin mutanen da na yi aiki da su, na manta lambobin motocin da na yini a ƙarƙashinsu, amma wata Litinin ta watan Maris na 1978 ta ƙi fita daga kaina. Ranar ce na shiga wani ɗan shinge a bayan yadinmu na Kafanchan, na tarar ƙasa ta yi fari a inda bai kamata ta yi fari ba. Tun da kun ce tsoho ya ba ku labari ɗaya daga cikin aiki, wannan zan bayar, ko da yake ba ni ne na fito da kyau a cikinsa ba.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, yadi shi ne inda ake ajiye motocin gyaran hanya da kayan aiki. Injiniya ne shugaba. A ƙarƙashinsa akwai foman biyu, na hanya da na makanikai. Ƙarƙashin foman akwai helma, wato shugaban leburori, sannan leburorin, sannan masu gadi. Ni, Isiyaku, ni ne foman na makanikai, kuma asalin sana'ata walda ce. A lokacin ina da shekara talatin da bakwai, ina ji da hannuna, kuma ban yarda da kowa ba. Idan sifana ta ɓace, kafin in duba aljihuna na riga na san wanda ya ɗauke ta. Wannan hali ina ɗaukarsa a matsayin iya aiki.

Sai mun koma baya shekara huɗu kafin ku gane abin da ke cikin shingen. A ranin 1974 wani kamfanin Turawa yana kwangilar hanya ta wajen Kagoro. Suna da wata na'ura da ake ɗorawa a kan ƙasar da aka daddaɓe, ta nuna ko ƙasar ta daddaɓu sosai kafin a zuba kwalta. A cikin na'urar akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, tana fitar da wani irin haske da ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, sai dai nata ba a kashe shi. Wata rana direban rola, motar daddaɓe hanya, ya yi baya ya murƙushe na'urar. Baturen da ke kula da ita ya ciro ƙwayar da dogon awartaki, ya saka ta a wata tukunyar dalma mai murfi, ya kawo yadinmu. Ya ce a ajiye a ƙarƙashin ƙasa kafin mutanensu su zo daga Ikko su ɗauka. Ya ce abin zai ci gaba da fitar da hasken nan har jikokinmu su tsufa, kuma idan ruwa ya kai gare shi ya ci jikinsa, zai iya bin ƙasa ya shiga rijiya.

Ni aka ba aikin yi wa tukunyar gida. Na yanko bututun ƙarfe mai kauri, tsawon hannu, faɗin bokiti. Na rufe gindinsa da faranti, aka zura tukunyar dalmar, na rufe bakinsa, na bi kowace walda sau uku, sannan na shafe shi da kwalta har sau biyu. Gwangwani muke kiransa. Baturen ya ba ni takarda ɗaya mai zane da bayanin yadda za a binne. Kamfanin ya gama kwangila ya tafi, mutanen Ikko kuwa har yau ban ga ƙeyarsu ba.

Wanda ya jagoranci haƙa ramin shi ne Baba Yohanna, mutumin Kagoro, helman leburori a lokacin. Kafin a dawo da shi wajenmu ya yi fiye da shekara ashirin a cikin masu kafa falwaya da ja wayar tarho. Bayan an rufe ramin aka zuba siminti a sama, aka kewaye da waya, aka sa ƙofa da kwaɗo. Daga baya gwiwa ta dame shi, aka mai da shi mai gadin rana, aka bar masa makullin shingen. Matarsa, Mama Saratu, tana sayar da tuwo a bakin yadi. Gidansu yana cikin barikin ma'aikata, kuma rijiyar barikin ba ta fi taku sittin daga shingen ba.

A ƙa'ida duk wata uku ina zuwa duba wurin. Ina zuwa kuwa, ban taɓa fashi ba. Sai dai abin da nake dubawa kwaɗo ne. In tsaya daga waje, in ja shi, in ga bai motsa ba, in koma ofis in sa hannu. A tunanina abokin gaban gwangwanin nan ɓarawo ne, saboda dalma tana da kasuwa. Maharba suna narka ta su yi harsashi, masu gyaran rediyeta suna nemanta.

To, a safiyar Litinin ɗin nan Injiniya Bitrus ya kira ni. Saurayi ne ɗan wajen Manchok, bai daɗe da kama aiki a wajenmu ba. Ya nuna mini wasiƙa daga Kaduna: wani Dakta daga jami'a a Zariya zai zo Litinin mai zuwa da na'urar awo, ya duba abin da muka binne. Ya ce in shiga cikin shingen in duba da kyau kada mu ji kunya. Na karɓi makulli daga Baba Yohanna. Ya ce zai raka ni, na ce ya zauna.

Abu na farko da na lura, kwaɗon ya buɗe ba gardama. Kwaɗon da ya sha damina huɗu ya kamata ya yi taurin kai, wannan kuwa an sa masa mai. Na biyu, akwai 'yar hanya da ƙafa ta fitar daga ƙofa zuwa bayan simintin. Na bi ta. A nan na ga ƙasa ta yi farin ɓawo, faɗin tabarma, kuma bishiyar gwaba da ke jikin waya ta wannan gefen ta zubar da ganye, 'yar'uwarta ta ɗaya gefen tana nan shar. A tsakiyar farin akwai wani faffaɗan dutse. Na ture shi da ƙafa, sai ga bakin wani siririn bututu da ya nutse cikin ƙasa, ya karkata zuwa ƙarƙashin simintin. Ban san da bututun nan ba, kuma ba ya cikin zane.

Na fito da sauri, na kulle, na sa makullin a aljihuna. Kafin in kai ofis na gama shari'a a kaina. Waldata ba za ta buɗe da kanta ba, wannan ban ko tsaya tunaninsa ba. Ke nan wani ya yi wa gwangwanin ɓarna, abin ya tsiyayo, shi ya sa ƙasa ta yi fari. Mutum ɗaya ne ke da makulli.

Injiniya ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Foman, ka ga Baba Yohanna da idonka yana haƙa?"

Na ce, "Yallaɓai, ban gani ba. Amma kwaɗo ba ya sa wa kansa mai."

Ya ce, "Mutumin nan saura shekara ɗaya ya yi ritaya. In aka kama shi da wannan, kora ce, ba fansho. Ka tabbata?"

Na ce na tabbata. Sai ya bi ƙa'ida. Aka buga wa Baba Yohanna kwiri, wato takardar tuhuma da ake ba ma'aikaci ya kare kansa, aka dakatar da shi daga aiki. Aka sa katako aka rufe rijiyar bariki har sai Dakta ya zo. Ni kuma aka ce in kawo cikakken rahoto ranar Juma'a, da sunan wanda nake zargi, domin a miƙa wa Kaduna.

Da aka karanta masa takardar, Baba Yohanna ya juya ta a hannu, domin Turancinsa bai kai nan ba. Injiniya ya fassara masa: ana zarginsa da taɓa abin da aka binne. Ya ce, "Ni ban taɓa shi ba, Sa. Ina lura da shi ne kawai." Na ji maganar nan da kunnena, na ɗauke ta a matsayin irin abin da kowane mai laifi yake faɗa.

Kwana uku na yi ina farautar shaida. Ranar Laraba na shiga kasuwa wajen Alhaji Mudi mai sayen tsofaffin ƙarafa, abokin mahaifina ne, kuma na sha ganin Baba Yohanna zaune a rumfarsa. Na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, idona yana kan wani kwando cike da guntayen dalma. Ya lura.

Ya ce, "Isiyaku, tun kana yaro in ka zo gaisuwa idonka yana kan kwanon mutane. Na tsohon batir ne, ɗauki ka duba."

Na duba, na batir ne. Na ce, "Baba Alhaji, me Yohanna yake zuwa yi nan?"

Ya ce, "Hira. Shekara talatin muna hira da shi, tun kafin ka san bambancin guduma da muciya. Ko hirar ma sai an kawo muku rahoto?"

Na fito kunya ta ishe ni, amma zargin bai ragu ba. Sai ma na ce a raina, ai abokai ne, dole ya rufa masa.

A bariki kuwa abin ya yi tsami. Mata suna tafiya har rafi ɗibar ruwa a tsakiyar zafin bazara, kuma kowa ya san dalilin. Aka daina sayen tuwon Mama Saratu. Na ji an ce a majami'arsu, inda Baba Yohanna yake cikin dattawa kuma shi ke riƙe da makullin ɗakin ajiya, an ce ya miƙa makullin tukuna har a ga yadda magana za ta ƙare. Ranar Alhamis na tsaya a rumfarta da sunan cin abinci, alhali bakinta nake so in ji. Ta zuba mini ba ta dube ni ba.

Na ce, "Mama, Baba yana yawan zuwa bayan yadi ne?"

Ta ce, "Kowane Asabar da safe, idan rani ya yi. Shekara huɗu. Ni na gaji da magana. Ya ɗauki bokiti na, ya tafi. Na ce wannan rami ɗanka ne? Ya ce aiki ne."

Na ji daɗi, Allah ya gafarta mini. Na ɗauka ta yi suɓul da baka. Bokiti, a ganina, na kwaso ƙasa ne ko kwaso dalma. Ranar Juma'a na buga rahotona kwafi uku, na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, na sa hannu, na miƙa.

Duk da haka ina so in kama shi da idona, saboda tambayar Injiniya ta tsaya mini a wuya. Ranar Asabar da misalin ƙarfe bakwai na safe na shiga cikin wata matacciyar gireda, motar baje hanya, da ke fuskantar shingen na zauna. Ban yi tsammanin zai zo ba, tun da ba shi da makulli kuma an dakatar da shi. Ban yi rabin awa ba sai ga shi yana ɗingishi, bokiti a hannu ɗaya, doguwar gora da aka tsaga biyu a kafaɗa. Ya zagaya bayan shingen, ya zura gorar ta cikin waya, ya yi ta gwadawa har bakinta ya sauka a kan bututun nan da na bari a buɗe. Sannan ya ɗaga bokitin ya fara tsiyaya ruwa a hankali, yana bin gorar yana shiga ƙasa.

Na sauko. Da ya gan ni bai razana ba, bai ma daina zubawa ba.

Na ce, "Baba, me kake yi?"

Ya ce, "Ina ba shi ruwa, Foman. Kun karɓi makulli, amma rani bai tsaya ba. Idan rami ya bushe, ba ya aiki."

Na ce, "Wane aiki?"

Ya ce, "Aikin jan mugun abu zuwa ƙasa. Ka ga ramin aradu da muke yi a gindin falwaya da ɗakin janareta? Ka kafa ƙarfe, ka zuba gawayi, ka zuba gishiri, gawayi, gishiri, har sama. Ka bar bututu na ba shi ruwa. Ko aradu ya faɗi, ƙasa zai shanye, ba ya taɓa mutum. Wannan ma haka na yi masa. Rijiya yana kusa, jikoki na suna sha."

Na tsoma yatsa a bokitin na ɗanɗana. Gishiri ne, har da ɗaci. Farin ɓawon da na gani a ƙasa, da gwabar da ta zubar da ganye, duk suka koma wurinsu a kaina a lokaci ɗaya. Ni mai walda ne, na san abin da ruwan gishiri yake yi wa ƙarfe a wata ɗaya, balle shekara huɗu.

Na ce, "Wa ya ce ka yi haka?"

Ya dube ni da mamaki. Ya ce, "Kai ne, Foman. Ranar da mota ya lalace a Manchok, ka tafi. Ka ce, Baba, ka fi ni sanin rami, ka rufe shi yadda kuke rufe naku, ka riƙa lura da shi."

Na tuna. Wallahi na tuna har da inda nake tsaye. An zura gwangwanin ke nan aka aiko cewa babbar motarmu ta karye a hanya, na bar su na tafi. Takardar Baturen tana aljihuna. Na karanta ta, na san ta ce busasshen yashi za a zuba kewaye da gwangwanin, a bi da yumɓu a daddaɓe, kada ruwa ya kusance shi. Ban karanta musu ba, da gangan, domin a takardar an ambaci dalma, ni kuma ba na so leburori su san akwai abin sayarwa a ciki. Abin da na ce musu kawai, kayan inji ne mai haɗari. Na yi niyyar in dawo kafin su rufe, ban dawo ba sai washegari, na tarar an zuba siminti sumul, na yaba musu.

Na karɓi bokitin daga hannunsa na ce ya tafi gida. Ban gaya masa komai ba.

Zan faɗa muku abin da ya zo mini a rai a kwana biyun nan, domin shi ne ainihin labarin. Rahotona yana nan daram. Na rubuta cewa ya taɓa ramin ba da izini ba, kuma ga bututu, ga gishiri, ya taɓa. Maganar da na yi masa shekara huɗu da suka wuce ba a rubuce take ba. Leburorin da suka ji ta sun watse. In ya ce ni na sa shi, maganar mai gadi ce da aka dakatar a kan ta foman. Ina kuma jiran ƙarin girma a wannan shekarar. Na yi ta auna wannan, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, har safiyar Litinin ban yanke ba. Na dai buɗe akwatina na ɗauko takardar Baturen na sa a aljihu, ban san ko zan fito da ita ba.

Dakta ya iso ƙarfe tara, siririn mutum mai gilashi, ba ya son doguwar gaisuwa. Na'urarsa wani ɗan akwati ne da sanda, yana ƙas-ƙas idan ya ji hasken nan. Ya gwada bakin rijiya, ya gwada farin ɓawon, ƙarar ba ta canza ba. Ya murza ɓawon a yatsa ya ce wannan gishiri ne. Da Injiniya ya nuna masa bututun, sai fuskarsa ta canza, ya ce yau za a tono. Aka ja igiya aka mai da mutanen bariki nesa. Aka kira Baba Yohanna ya tsaya a gefe, tun da maganarsa ake. Aka fasa simintin. Dakta ya tsara cewa ba wanda zai wuce minti biyar a cikin rami, yana riƙe da agogo, yana gwada kowane kwandon ƙasa da aka fito da shi.

Ƙafa uku da farawa ƙasa ta koma baƙa. Gawayi ne jiƙaƙƙe, sannan farin layi, sannan gawayi, an jera su tsaf, aikin mutumin da ya san hannunsa. Wajen azahar shebur ya taɓa ƙarfe. Dakta ya fitar da kowa, aka zura ƙugiya da sarƙa, aka jawo gwangwanin a hankali aka ajiye a kan faranti.

Ban gane shi ba. Kwaltar ta saɓule, jikinsa ya kumbura da tsatsa, tana ɓarewa kamar ɓawon rogo. A gefe ɗaya akwai huda uku, babbar za ta ɗauki babban yatsa, jan ruwa yana tsiyayowa daga ciki. Dakta ya tari ruwan a kwalba da dogon awartaki, ya kai shi nesa da gwangwanin, ya ɗora sandar na'urarsa a kai. Ni dai ƙas-ƙas ɗin nake saurare, ina jira ya haukace. Bai haukace ba. Dakta ya sa aka yanka gwangwanin daga nesa da dogon zarto. Tukunyar dalmar tana ciki, ta yi fari, ƙusoshin murfinta tsatsa ta ci fiye da rabinsu, amma murfin yana zaune.

Ya ce, "Abin bai fita ba tukuna. Ban ce zai kai wata daminar ba."

Sannan ya ƙwanƙwasa bakin gwangwanin inda na bi sau uku. Waldar tana nan, ko tsaga babu. Ya ce wanda ya yi wannan ya iya aiki. Da a wata rana ce, da wannan yabon ya sa kaina ya kumbura. Ya juya ga tarin gawayin ya bayyana wa Injiniya cewa gawayi in ya manne da ƙarfe a cikin ruwan gishiri, tamkar an haɗa batir ne, ƙarfen ne ke narkewa. A ramin aradu jan ƙarfe ake kafawa, yana jurewa, in ya cinye ma a canza wani. A nan kuwa an yi daidai abin da zai huda gwangwanin da wuri. Ya ce, "Wa ya ba da umarnin wannan?"

Injiniya ya juya ya dubi Baba Yohanna. Kowa ya dube shi. Na jira ya nuna ni. Bai nuna ba. Idonsa yana kan hudar nan, bakinsa yana ɗan motsi, kamar bai ma ji tambayar ba. Da ya yi gardama, da ya ce Foman ne, ina jin da na musa, domin na shirya wa gardama. Shirun ne ban shirya masa ba.

Na fito da takardar na miƙa wa Injiniya. Na ce, "Yallaɓai, ni ne. An ba ni wannan, ban karanta musu ba. Na ce ya rufe yadda suka saba, ya yi yadda suka saba. Rahoton da na kawo ranar Juma'a a janye shi."

Injiniya ya karanta, ya ninke, ya ce, "Me ya hana ka karanta musu?"

Na ce, "Na ji tsoron kada su sace."

Ya juya ya koma wajen Dakta, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sauran ƙa'ida ce. Aka saka tukunyar a sabon mazubi da Dakta ya zo da shi, suka tafi da ita a ranar. Bayan mako biyu sakamakon ruwan ya dawo, aka buɗe rijiya. Ni aka buga mini kwiri, na amsa, ƙarin girman ya wuce ni har shekara biyu. Aka soke dakatarwar Baba Yohanna, aka rubuta masa takardar wanke shi, Injiniya da kansa ya kai kwafi wa faston majami'arsu.

Ni na roƙa a bar ni in kai masa tasa takardar, tare da makullan gadi. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran fartanya. Mama Saratu ta kawo mini ruwa a kofi, na rijiyar ne, ta tsaya har na sha. Na ba shi haƙuri da duk kalmomin da na sani. Ya saurara, ya ce ya yafe, Ubangiji ma yana yafe mana. Sannan ya tambaye ni abin da na lura shi ne ya fi damunsa, ba tuhumar ba.

Ya ce, "Foman, to duk Asabar ɗin nan da nake zuwa, ni ne nake cinye shi?"

Na ce ba laifinsa ba ne. Ya ce, "Da ka gaya mini ruwa ne ba ya so, da na yi masa rumfa."

Na miƙa masa makullan. Ya dube su, bai karɓa ba. Ya ce zai dawo aiki ya cika shekararsa, zai zauna a ƙofa ya buɗe wa motoci, amma makulli a ba wanda aka yarda da shi. Haka kuwa aka yi. Ya cika shekarar, ya karɓi fanshonsa, ya koma Kagoro. Muna gaisawa har ya rasu, amma bai sake kirana mu zauna ba.

Ku da kuke aiki yanzu kuna da kayan da ba mu da su, ƙarfen da ba ya tsatsa da wuri, da na'urori iri-iri. Abin da zan ce muku shi ne, duk abin da kuka binne, ƙasa da ruwa suna aiki a kansa ko kuna nan ko ba kwa nan, kuma mutumin da kuka bari a wurin zai yi masa abin da ya sani. In bai san me ke ciki ba, zai yi amfani da iliminsa na wani aikin, da zuciya ɗaya. Na yi shekara huɗu ina jan kwaɗo ina neman ɓarawo, ba a taɓa satar ko ƙusa ba a shingen nan. Tun daga ranar ban sake ba wani aiki ba sai na zaunar da shi na karanta masa takardar tun daga sama har ƙasa, ko lebura ne, ko mai gadi. Wasu suna cewa Foman Isiyaku ya cika dogon bayani. Ban taɓa gaya musu dalili ba sai yau.